Wiebe da Kiɗa Mai Hannu Huɗu

Bango ɗaya ne ya raba gidana da na Wiebe Terpstra, kuma bangon bai fi kaurin yankan burodi ba, saboda haka abin da zan faɗa muku ba tsegumi ba ne, da kunnena na ji. In ya yi atishawa, ni ke ce masa sannu. In ya cika baki kuwa, har kofunan da ke kan kantata sai sun motsa, ga shi kullum cikin cika bakin yake.

Kafin ya yi ritaya, aikinsa ɗaga gadar unguwarmu idan jirgin ruwa zai wuce. Maɓalli yake dannawa gada ta tashi, ya sake dannawa ta kwanta. Amma in kun ji shi yana ba da labari a shagon kofi, sai ku rantse da kafaɗarsa yake ɗaga ta. A faɗarsa, ya taɓa mayar da ambaliya baya da tsawa. Ya taɓa gyara wa wani likita kuskure a cikin jirgin ƙasa. Kuma duk faɗin lardinmu na Friesland babu mai hannun kiɗa irin nasa, duniya ce kawai ba ta da rabon ji.

Maganar kiɗan nan da 'yar gaskiya a cikinta, ita ce ma ta jawo mana duk abin da ya biyo baya. Lokacin da matarsa Rinske ke raye, kowace Lahadi bayan cin abinci sukan zauna a kan dogon benci gaban fiyano, shi a hagu ita a dama, su kaɗa tsohon kiɗan nan da kowa ya sani, wanda ake yi wa amare in za su shigo. Yakan fara a hankali da sauti mai kauri. Can sai Wiebe ya zunguri Rinske da gwiwar hannu, wai ya ba ta izini, sai wata siririyar waƙa ta ɓullo daga ɓangarenta na fiyano ta yi ta hawa sama. Ni kaina nakan ajiye wanke-wanke in jingina da bango. Da Rinske ta rasu aka rufe fiyanon, aka ɗora masa tukunyar fure, Lahadinmu ta koma shiru.

Sai ga 'yarsu Fenna ta zo daga birnin Groningen da wani dogon saurayi mai suna Hidde, suka ce aure za su yi. A gidana aka sha kofi, domin biskit ɗin gidan Wiebe ya girmi saurayin.

"Baba, abu ɗaya kawai nake so," in ji Fenna. "In shiga zauren ɗaurin aure da kiɗan Mama. Zan tsaya bayan ƙofa. Da zarar siririyar waƙar nan ta shigo, ni ma sai in shigo, kamar ita ce ta riƙo hannuna."

Mijina Gerben ya fyace hanci.

"Mun samu wata mai kiɗa," in ji Hidde. "Kai dai ka zaɓa mana tsarin da ya fi kama da wanda kuke yi a gida, mu kai mata."

Wiebe ya dangwarar da kofinsa. "Wata mai kiɗa? Ina raye? Yaro, ka san da wa kake magana kuwa?"

"Baba, rabonka da fiyano fa tun..."

"Hannayen nan gada suka ɗaga. Akwatin katako ne zai gagare su?"

Fenna ta dube ni, ni kuwa na dubi silin. Ita ma ta iya kiɗa, uwarta ta koya mata tun tana ƙarama, ta bari ne don uban ba ya barinta ta kai ƙarshen layi bai gyara mata zama ba. Ta yi ajiyar zuciya.

"To, na yarda. Amma don Allah ka sayi tsari mai sauƙi."

"Ke dai ki tanadi hankici. Kuma ba za ki ji ko ɗigo ba sai ranar."

Washegari ya ja ni kantin littattafan kiɗa na Madam Postma, wai in zama shaida. Matar ta jera masa tsare-tsaren kiɗan a kan teburi.

"Wannan na 'yan koyo ne, yana da daɗi kuma ba ya ba da kunya. Wannan na masu ɗan hannu. Wannan kuma na ƙwararru ne."

Ya ture na farko da ɗan yatsa. "Na 'yan goye." Ya ture na biyu. "Na masu kiɗa don kyanwarsu." Ya ɗauki na uku, shafin baƙi ƙirin kamar an ɓarar da tururuwa, ya riƙe shi a juye har sai da matar ta gyara masa. "Wannan ba laifi, amma na ga wanda ya tsara shi ya ji tsoro a tsakiya."

Sai idonsa ya faɗa kan wani mai koren bango a saman kanta. Ya yi tsalle ya sauko da shi.

"Ga shi! Namu ne sak, wanda ɓeraye suka cinye mini."

A jikin bangon an rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, vierhandig, wato mai hannu huɗu.

"Mista Terpstra, wannan na mutum biyu ne," in ji Madam Postma.

"Mutum biyu irinku. Mutum ɗaya irina."

"Hannu huɗu fa aka rubuta."

"Na iya karatu, Madam. Yabo ne. Nufinsu sai gwanin da in ya kaɗa, mai ji zai rantse hannu huɗu gare shi."

"Nufinsu hannu huɗu. Shafin hagu na wanda ya zauna a hagu, shafin dama na wanda ya zauna a dama."

"Yauwa. Shafin hagu shi ne kiɗan, shi na saba. Na dama ado ne. Marigayiya takan ɗan tattaɓa shi don kada barci ya ɗauke ta."

Madam Postma ta leƙo ni ta saman tabarau. "'Yar'uwarsa ce ke?"

"Allah ya tsare. Maƙwabciya."

"Sannu da haƙuri," in ji ta, ta naɗe masa littafin.

Da yammacin ranar aka sauke tukunyar fure, bangona ya fara ɗaukar hukunci. Bum. Bam. Bum. Bam. Ya kai ƙarshe ya dawo farko. Bum. Bam. Na jira siririyar waƙa har miyata ta kama, ba ta zo ba. Gerben ya sa hannu a kunne ya kashe na'urar jinsa, ya ci gaba da karanta jarida yana murmushi. Ban taɓa yi wa kurma hassada ba sai ran nan.

Ba a jima ba na ji ana buga ƙofa. Wiebe ne, gashi a tsaye.

"Maƙwabciya, waƙar ta ɓata."

"Wace waƙa?"

"Ta cikin fiyano. Ina kaɗawa daidai yadda na saba, amma ta ƙi fitowa."

"Wiebe, Rinske ce ke kaɗa waƙar nan."

"Rinske sukari take barbaɗawa a kan kek."

"To, naka kek ɗin faranti ne kawai."

"Sanyi ne," in ji shi, kamar ban yi magana ba. "Fiyano ya daɗe a rufe, raɓa ta shige shi. Ara mini jakunkunan ruwan zafinki."

Ya kwashe jakunkunan robar da muke ɗuma ƙafa da su a gado, ya cika su, ya buɗe cikin fiyano ya jera. Ya lulluɓe shi da bargo, ya ɗaura masa gyalen ulu. Ya hana a buɗe taga. Duk wanda ya shiga gidan sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, wai kada a firgita mara lafiya. Fiyano ya yi gumi, Wiebe ya yi gumi, kiɗa kuwa yana nan a bum da bam.

Da ɗumi ya ƙi aiki, ya kira Douwe mai saita fiyano, wani masifaffen tsoho da ba ya gaisuwa. Na bi su da kofi don kada a ba ni labari. Douwe ya yaye bargo, ya zaro jakunkunan ɗaya bayan ɗaya yana tsaki, ya danna nan ya danna can.

"Lafiyarsa lau. Mai shi ne ba na ce ba."

"Lafiyarsa lau ina waƙar?"

Douwe ya dubi littafin, ya miƙa hannu ɗaya can dama, ya kaɗa layin farko na shafin dama. Sai ga ta, siririya, kamar ba ta taɓa tafiya ba. Tsikar jikina ta tashi.

"Ta fito!" Wiebe ya daka tsalle. "Na ce a ciki take! Wace waya ka taɓa?"

"Ban taɓa waya ba. Yatsa na sa."

"Ku masu sana'a ba kwa faɗin sirrinku. Na gode, jeka."

Douwe ya haɗa kayansa ya hau keke. Wiebe ya zauna, ya murza yatsu, ya kashe mini ido. Bum. Bam. Bum. Bam. Ya tsaya. Ya kara kunne a jikin katako. Sai ya zabura ya yi waje da silifa.

"Ɓarawo! Ku tare shi! Ya tafi da ita a jaka!"

Ya tari Douwe a kan gada, suka kama jakar kayan aiki suna ja. Mai sayar da ɗanyen kifi da albasa ya bar teburinsa, matan da ke jiran burodi suka fito da kwandunansu.

"Me ya sata?"

"Waƙa!"

"A jaka?"

"Buɗe mana mu ji, Douwe!"

Jakar ta ɓalle, kayan aiki suka watse, wani ƙaramin ƙarfe mai baki biyu ya faɗi a kan dutse ya yi wata 'yar ƙara mai tsawo.

"Kun ji ko!" in ji Wiebe. "Ga guntunta nan!"

Douwe ya tsince kayansa, ya faɗi wasu kalmomi da ba zan maimaita ba, ya ce ko fiyanon Wiebe zai kama da wuta kada a sake kiransa.

Ran nan na buga wa Fenna waya. Tana ɗauka ta fara dariya.

"Anti Aukje, ya ce za ki kira. Ya ce duk unguwa hassada ake masa."

"Fenna, saurara. Babu waƙa a kiɗan nan."

"Na san ba zai yi kamar Mama ba. In dai za a gane ta, ya ishe ni."

"Ai ba za a..."

"Anti, ya buɗe fiyano fa. Tun ranar jana'iza ko kusa da shi ba ya zuwa."

Na ce Allah ya kai mu, na ajiye waya, na huce haushina a kan Gerben, wanda bai ji ba.

Ana nan, Wiebe ya yanke shawarar cewa ɗan adon nan na shafin dama, tunda mutane sun nace, zai haɗa da shi. Hannu huɗu ai ba abin wahala ba ne ga wanda ya san injin gada. Ya aro cokulan katakona ya ɗaure a gwiwoyin hannu da igiyar shanya. Ya ɗaura ludayi a goshi da naktayen da yake ɗaurawa a wuya. Na hau benensa na leƙa na same shi yana kaɗa hagu da yatsu, yana harbin dama da gwiwa, yana sara da ka kamar kaza a kan tsaba. Abin da ya ratso bango ya yi kama da an tunkuɗo kwandon kwanuka daga saman bene. Daga ƙarshe marfin fiyano ya faɗo a kan ludayin, ludayin ya rama a kan goshi.

Da safe ya fito da ƙulu kamar ƙwan agwagwa.

"Me ya same ka?" in ji mai kifi.

"Tunani ne ya yi yawa, ya rasa wurin zama."

Kuma tunanin ya haifi sabuwar hikima. Waƙar, in ji shi, kunya take ji. Da can ma ba ta fitowa in shi kaɗai ne a ɗaki, sai in da mutum kusa. To ranar biki, da ta ga taro, da kanta za ta fito. Abu ɗaya ne sharaɗi: dole a kai nasa fiyanon zauren hukumar gari.

"Akwai fiyano a can," na ce. "Sabo fil."

"Waƙar Rinske a cikin wannan take zaune. Kin taɓa ganin an aika baƙo ya ɗauko amanar da ba a ba shi ba?"

Matakalar gidajenmu kuwa ko kwandon wanki sai an karkata. Yadda fiyanon ya shiga ta tagar bene, haka zai fita, da igiya da ƙugiyar ɗaga kaya da ke saman gidan. Gerben ya ce a kira masu aikin ɗaukar kaya. Wiebe ya ce shi da ya ɗaga gada ba zai kira yara su ɗaga masa akwati ba. Jajiberin biki ya tara mazan layinmu, da mai kifi da mai burodi da mijina, duk wanda ka duba gwiwarsa na ƙara, ya ba su igiya. Shi kuma ya haye saman fiyano, wai daga nan umarni ya fi fita.

"Saki kaɗan! Na ce kaɗan! Ja! Hagu!"

"Hagunka ko namu?"

"Hagun fiyano!"

Fiyano ya fito ta taga yana lilo, Wiebe na kansa a durƙushe. Ya yi dama ya share mini tukwanen furen taga. Ya yi hagu ya gaisa da fitilar titi. Duk lilon da ya yi, wayoyin cikinsa sai su yi gurnani. Gerben, da ya kashe na'urarsa tun safe, ya ga bakin Wiebe na motsi, ya ɗauka an ce an gama, ya saki igiya ya sa hannu a aljihu. Sauran tsofaffin suka tafi suuu a kan duwatsun titi, fiyano ya yi wani dogon lilo ya tsallake titin gaba ɗaya ya rataya a kan rafi.

Allah ya sa a daidai lokacin wani manomi na wucewa da faffaɗan kwalekwalensa, ya ɗauko ciyawa da saniya guda. A kan ciyawar fiyano ya sauka, daɓas. Kwalekwale ya nutsa ya taso. Saniya ta juyo ta dubi baƙonta.

Wiebe ya miƙe, ya kakkaɓe ciyawa daga gashi, ya ɗaga mana hannu.

"Daidai yadda na tsara! Ai zauren a bakin ruwa yake. Direba, mu je!"

Manomin ya ga babu yadda zai yi, ya ci gaba da tuƙi. Muka bi su ta gefen rafi, mu da rabin gari. Wiebe ya buɗe marfi a tsaye ya fara bum, bam. Saniya ta amsa da dogon kuka, kuma tsakanina da Allah ita ta fi kusa da waƙar. Da suka iso gada, wanda ya gaje shi a aiki ya danna maɓalli yana dariya har da riƙe ciki. Gada ta tashi.

"Kun gani?" Wiebe ya ƙwala mana. "Har yanzu tana gane muryata!"

Dogon bencin kuwa Gerben ne ya kai shi a ka, don a yafe masa laifinsa.

Ranar biki zaure ya cika. Jami'ar ɗaurin aure ta tsaya a gaba cikin baƙar rigarta, Hidde na gefenta yana ta gyara wuyan riga. Fenna na bayan babbar ƙofa ita kaɗai, tunda uban da zai rako ta yana bakin aiki. Wiebe ya fito cikin wata kwat ta aro da ta matse shi, yana ɗan warin saniya, ya rusuna gabas ya rusuna yamma. Na lura cikin fiyanon ya ɗan kumbura. Ashe ya ji zauren da sanyi, ya sake cusa jakunkunana.

Jami'a ta ce a miƙe. Muka miƙe, muka juya muka fuskanci ƙofa.

Bum. Bam. Bum. Bam.

Ƙofa na rufe.

Bum. Bam. Ya kai ƙarshen shafi, ya dubi taro, ya dubi fiyano kamar mai cewa to ga mutanen, fito mana. Ya koma farko. Wuyoyi suka fara ƙagewa. Uwar ango ta matso kusa da mijinta.

"Ina amaryar?"

"Ko ta sake shawara?" in ji wani kawu, da muryar da ya ɗauka raɗa ce.

Hidde ya ji. Fuskarsa ta yi fari kamar cuku, ya fara leƙen ƙofa ta saman kawunan mutane. Gerben ya ga kowa ya yi jugum, ya kunna na'urarsa, ya saurara, ya tambaye ni da ƙarfi:

"Aukje, wa ya mutu?"

Dariya ta fara tsiyaya daga kujerun baya. Wiebe ya ji ta, ya ƙara ƙarfi. Gumi ya keto masa. Ya taka fedar fiyano da duk nauyinsa, sai muka ji wani abu ya yi fus a cikin fiyano. Ruwa mai ɗumi ya gangaro ta ƙasa, ya taru tsakanin ƙafafunsa, ya kama hanya ya nufi takalman jami'a yana tururi.

"Wayyo, bawan Allah," in ji uwar ango. "Tsoro ne."

"Na fiyano ne!" Wiebe ya yi ihu bai daina kiɗa ba. "Ruwan fiyano ne!"

"Haka kowa ke cewa," in ji kawu.

Wiebe ya sunkuya ya kai wa maɓallan dama na fiyano hari da hanci. Kwat ɗin aro ta ce ita iyakarta ke nan, ta tsage daga wuya har ƙugu. Zaure ya ɓarke. Mai kifi ya zauna a ƙasa. Jami'a ta rufe fuska da takardunta, kafaɗunta na rawa. Ƙofa dai na rufe, kuma na san yarinyar nan na tsaye a bayanta, ta kasa kunne tana jiran uwarta.

Sai Wiebe ya rufe ido. Ya daina kallon littafi, ya daina kallon mutane, ya koma farko a hankali, yadda yake yi ran Lahadi. Da ya iso wurin, jikinsa ya yi abin da ya saba: ya kai gwiwar hannu dama don ya zunguri Rinske.

Babu kowa. Gwiwar ta wuce cikin iska, ya tafi gefe guda, ya dafa benci don kada ya faɗi. Tafin hannunsa ya sauka a cikin ɗan lotsawar da zaman Rinske ya bari a katifar bencin. Kiɗa ya tsaya. Ya zura wa wurin ido, hannunsa na ciki, bai ɗauke ba.

Dariyar ta mutu da kanta. Na daɗe ina fatan ganin ranar da Wiebe zai rasa abin faɗa, ga ta ta zo, kuma wallahi ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Tausayinsa ya kama ni.

Ƙofa ta buɗe. Fenna ta shigo babu kiɗa, sai ƙarar takalminta a kan katako. Ba ta tsaya gaban jami'a ba. Ta danƙa wa Hidde furanninta.

"Riƙe."

Ta tattare farar rigarta ta tsallake ruwan, ta tsaya a kan ubanta.

"Baba, matsa."

Ya ɗago. "Fenna, waƙar... ba a cikin fiyano take ba."

"Na sani. Matsa."

Ya matsa hagu. Ta zauna a dama, ta gyara littafin, ta share majinar da ya bari a kan maɓallai da gefen mayafinta.

"To amma wa zai shigo?" in ji jami'a. "Kiɗan shigowa ne, ga amarya a zaune."

Fenna ta waiga. "Hidde, fita ka shigo."

"Ni?"

"Kai ke riƙe da fure."

Dogon nan ya dubi uwarsa, ya dubi furen, ya tafi sumui-sumui ya ja ƙofa. Wiebe ya sa hannu. Bum. Bam. Bum. Bam. Ya zunguri 'yarsa da gwiwa.

Sai ga ta. Siririya, daga can sama, tana hawa a kan kaurin nan nasa kamar mai taka matakalar gidansu. Kuma abin mamaki, bum da bam ɗin da suka hana ni sakat duk kwanakin nan, da waƙar ta zauna a kansu, sai na ji ashe su ma da aikinsu. Na nemi hankici na rasa, na yi amfani da hannun rigar Gerben.

Ƙofa ta buɗe, ango ya shigo rungume da fure, yana zuba dogayen ƙafafu kamar zai kama jirgin ƙasa.

"A hankali, amarya!" in ji Gerben.

Haka aka ɗaura auren, mutane na dariya suna share hawaye, jami'a na tsaye cikin ruwa.

Wajen cin kek na hango Wiebe a gefe shi kaɗai, an maƙale masa bayan kwat da fil. Ban taɓa ganinsa a taro bakinsa a rufe ba. Na yanka masa babban yanki na kai masa. Ya karɓa, ya daɗe yana kallon sukarin da aka barbaɗa a kai.

"Maƙwabciya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kin ji abin nan kuwa? Ashe Rinske ta iya kiɗa."

"Sai yau ka sani?"

Ya ja hanci, ya goge ido da bayan hannu, ya gyara tsayuwa har fil ɗaya ya ɓalle.

"Ai dole ta iya," in ji shi. "Kusa da wa take zama?"